Gyaran Ƙafar Mota Bayan Karo: Mun Bar Jaki Muna Dukan Taiki

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Mun daɗe muna jin direbobi da makanikai na maganar ƙafar mota, amma ba mu taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba sai a kakar bara, lokacin da ta'aziyyar wani dattijo ta kai mu wani ƙauye da ke cikin ƙaramar hukumar Baudeta, a gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar. Abin da muka gani da idanunmu a wannan tafiya shi ya sa muka ga ya zama wajibi mu yi wannan rubutu, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Motar da muka shiga daga Tasawa ƙaramar bas ce irin ta 'yan cin kasuwa. Ta sha sabon fenti sai ƙyalli take yi, har wani daga cikinmu yana cewa yau kam mun yi sa'ar mota. To amma tun kafin mu sauka daga kwalta muka lura direban ya riƙe sitiyari a karkace alhali kuwa hanya miƙaƙƙiya ce, kuma da zarar ya ɗan sassauta hannu sai motar ta nufi dama kamar akuyar da ta hango dusa. Da muka yi magana sai karen motar ya ce, "Malam, ku kwantar da hankalinku. Sati uku da suka wuce ne ta daki amalanken shanu da daddare, amma an kai ta gareji an gyara ta tsaf. Ba ku ga yadda ta koma sabuwa ba?"

Ba mu yi wani nisa da shiga hanyar burji ba, muna cikin gargada dab da wani kwalbati, sai muka ji ƙwas! Tayar gaba ta dama ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota, gaban motar ya kafe a ƙasa, fasinjoji suka hau kan juna. Allah Ya taƙaita, saboda rairayi ya riga ya tilasta wa direban tafiya a hankali. Wata tsohuwa ta samu targaɗe a hannu, wani yaro ya fasa baki, buhunan wake da kwanukan mata suka watse. Nan take aka shiga cewa ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma da muka durƙusa muka leƙa, sai muka ga ƙarfen da ke riƙe da tayar ya yi baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi, alamar an gasa shi da wuta an miƙe shi da guduma, kuma daidai wurin da aka gasa ɗin ne ya tsinke. A wurin da ya kamata a ce akwai fin mai hana noti kwancewa kuwa, ƙusa ce 'yar inci biyu aka lanƙwasa aka soka. Muka ce a ranmu, da a ce a kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram abin ya faru, wajen Gazawa, mota tana gudun kilomita 90, wato tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa guda, da yanzu wasu ne ke zaman ta'aziyyarmu.

Ra'ayinmu a kan wannan lamari ɗaya ne, kuma shi ne duk motar da ta yi karo ta gaba, komai ƙanƙantar karon, bai kamata ta sake ɗaukar ran ɗan Adam ba sai an ɗaga ta an auna ƙafarta, kuma duk ƙarfen ƙafa ko na sitiyari da ya lanƙwashe, maganinsa canji, ba wuta da guduma ba. Abin takaici shi ne mun juya al'amarin. Kuɗinmu na ƙarewa a wurin fanabita da mai fenti, wato abin da ido ke gani, sai mu bar abin da ke ɗauke da rayukanmu a hannun sa'a.

Domin mai karatu ya fahimci inda muka dosa, ya kamata mu ɗan yi bayanin abin da ake nufi da ƙafar gaba. Tayar mota ba a jikin mota take kai-tsaye ba. Akwai wani ƙarfe mai kauri da taya da birki ke ɗaure a jikinsa, a tsakiyarsa akwai boris da ke sa taya juyawa. Daga ƙasa akwai hannun ƙarfe mai kusurwa uku da ke haɗa shi da ƙashin mota, wanda makanikan Kano da Katsina ke kira lowa-am, na Maraɗi da Tasawa kuma ke kira tiriyangil. Inda hannun ya haɗu da ƙarfen taya akwai wata gaɓa mai kama da ta kafaɗar mutum, bol-joyin ko kuma rotil. Daga sama akwai shokazoba, ko amotisa a bakin mutanen Nijar, tare da sifirin ɗinsa. Sannan ga wani siririn sanda da ya taho daga akwatin sitiyari yana tura taya hagu ko dama, shi ne tayarod. Wannan tsari da shokazoba ke zama ginshiƙin ƙafa wani injiniyan Amurka mai suna Earle MacPherson ne ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1940, kuma shi ne a jikin Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna ya daɗe yana harhaɗawa a baya, haka ma Corolla da Starlet da suka cika tashoshinmu. Hilux na zamani kuwa hannu biyu gare su, na sama da na ƙasa. Ko wanne iri ne dai, mota gaba ɗayanta da fasinjojinta da lodinta a kan waɗannan 'yan ƙarafa suke tafiya.

A lokacin da mota ta daki wani abu da gefen gabanta, ko amalanke ne, ko saniya, ko bakin kwalbati, ko wata motar, bamba da fitila su ne ke fashewa a gani, amma ƙarfin dukan ba a nan yake tsayawa ba. Idan taya ta taɓu, dukan na bi ta cikinta ya shiga lowa-am, ya shiga tayarod har cikin akwatin sitiyari, ya hau shokazoba, wani lokaci ma ya gusar da ƙarfen gindi da injin da ƙafa ke zaune a kansa, ko ya karkatar da shi kansa ƙashin motar. Lanƙwasar da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba ta isa ta canza yadda mota ke taka ƙasa. Ga shi kuma wurin duhu ne, laka da giris da ƙura sun rufe komai. Shi ya sa mai mota kan zagaya motarsa sau uku, ya shafa fenti, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya biya kuɗi ya tafi yana murna, alhali cutar na nan kwance a ƙasa.

A nan ne kuma al'adarmu ta sulhu a bakin hanya ke yi mana illa ba tare da mun sani ba. Sulhu alheri ne, babu mai musun haka. Da an yi karo sai jama'a su taru, dattawa su shiga tsakani, a ce kada a kai ga jandarmomi, a lissafa fitila ɗaya, bamba ɗaya, gilashi, aikin fanabita da fenti, wanda ya yi laifi ya biya, a yi musabaha kowa ya kama gabansa. Ba mu taɓa halartar irin wannan sulhu muka ji an ce a fara ɗaga motar a duba ƙafarta kafin a yanke kuɗi ba. Bayan kwana biyu idan makaniki ya ce lowa-am ya lanƙwashe, mai mota ba ya da bakin komawa wurin wanda suka riga suka yafi juna, kuɗin hannunsa kuma sun ƙare, sai ya ce, "Maigida, a dai lallaɓa mini shi." Daga wannan kalma ta lallaɓawa ake haifar irin abin da muka gani a hanyar Baudeta.

Alhali kuwa mota ba ta ɓoye ciwonta, jiki magayi. Idan bayan karo sitiyari ya zauna a karkace a miƙaƙƙiyar hanya, ko mota na ja gefe guda, ko sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana, ko ya yi nauyi a wani wuri ya yi sako-sako a wani, to akwai magana. Idan ana jin ƙwas-ƙwas a gargada, ko gunji mai ƙaruwa da gudu, ko sitiyari na karkarwa, ko taya na goga jikin mota idan an karya kwana, ko sabuwar taya ta cinye ta gefe ɗaya cikin 'yan makonni, duk ƙafa ce ke kuka. Direban da ke jin waɗannan ya ƙara sautin rediyo, ya sani cewa da ransa da na fasinjojinsa yake caca.

Wani zai ce ai binciken ƙafa sai da na'urar kwamfuta, wadda sai a manyan birane irin su Yamai ko Kano ake samu, ina mutumin Korgom ko Hawandawaki ko Mayayi zai gan ta? Gaskiya ne na'ura ta fi daidai, kuma duk wanda ke da hali ya nemi inda take. To amma mafi yawan ɓarnar da karo ke yi ana iya gano ta da kayan da ba su fi ƙarfin ƙaramin gareji ba: jak, tef ɗin awo, igiya, tocila, ƙarfen banƙara da kuma haƙuri. Za a fara ajiye mota a wuri mai daidai, tayoyi da iska iri ɗaya, sitiyari a tsakiya. Sai a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a hagu, a auna a dama. Idan awon bai zo ɗaya ba, to dukan ya tura ƙafa ɗaya baya. Ko da yatsu ma ana iya gwada tazarar da ke tsakanin taya da jikin mota a ɓangarorin biyu. Sannan a shiga ƙasa a auna a gicciye, daga wani noti na gaban hagu zuwa takwaransa na bayan dama, a sake daga gaban dama zuwa bayan hagu. Masu gyaran jikin mota a ƙasashen da suka ci gaba ba su cika yarda bambanci ya wuce milimita 3 ba. Idan ya zarce haka sosai, matsalar ta wuce ƙafa ta kai ga ƙashin mota, kuma ko an zuba sababbin kaya ba za su zauna daidai ba sai an ja ƙashin ya koma wurinsa.

Bayan awo sai a ɗaga mota a tokare ta da abin da ba zai zame ba, domin shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita shi ma wani hatsarin ne. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi wasa, boris ne ko bol-joyin. A kama ta hagu da dama a girgiza. Idan ta yi wasa, tayarod ne ko akwatin sitiyari. A juya ta da hannu a kalli bakin rim ko yana rawa. A sa ƙarfen banƙara a gwada robobin bushin ko sun yage. A haska shokazoba a ga ko mai na tsiyaya ko sandarsa ta karkace. A duba robobin da ke rufe gaɓoɓi, domin a ƙasa irin ta Tasawa da ta Gulbin Kaba, inda rairayi ya fi komai yawa, robar da ta yage ƙofa ce, yashi zai shiga ya haɗu da giris ya riƙa cin gaɓar kamar dutsen niƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A duba tiyon birki da wayar da ke kusa da shi, a duba gefen taya ko ya yi ƙululu, domin tayar da zarenta ya tsinke a ciki ba ta da magani. Babbar dabara kuma ita ce a kwatanta ɓangaren da ya daku da wanda bai daku ba, ƙarfe da ƙarfe. Inda fenti ko tsatsa ya ɓare a jikin ƙarfe ba tare da an goge shi ba, a nan ƙarfen ya lanƙwashe.

Har tsagewar da ido ba ya gani ma akwai tsohuwar dabarar gano ta wadda ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi amfani da ita tun kafin zuwan na'urori. A wanke ƙarfe tas, a jiƙa shi da kananzir, a bar shi ya ɗan jima, a goge shi ya bushe, a shafa masa garin alli, sannan a ɗan ƙwanƙwasa shi. Idan akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana layi a jikin allin. Wane gareji ne a Baudeta ko Mayayi zai ce ba ya da kuɗin kananzir da alli?

Yanzu sai mu zo kan inda gizo ke saƙar, wato gasa ƙarfe da wuta a miƙe shi. Mu Hausawa ba baƙin ƙarfe ba ne. Je ka wurin kowane tsohon maƙeri ka tambaye shi abin da ke faruwa da wuƙa ko gatarin da gobara ta ci, zai gaya maka cewa ya tashi daga aiki, ko an wasa shi ba zai riƙe kaifi ba, domin taurin da aka ba shi lokacin ƙira ya tafi. To haka ƙarafan ƙafar mota suke. Da dama daga cikinsu a masana'anta an gasa su an sanyaya su da wani ma'auni na musamman don su yi ƙarfi kuma su jure girgiza. Idan mai walda ya sa musu wutar gas har suka yi ja, wannan ma'auni ya rushe. Idan ya bar ƙarfen ya huce da kansa zai iya yin laushi, idan kuma ya kwara masa ruwa zai iya yin taurin da ke sa shi karyewa farat ɗaya. Ko ba a sa wuta ba, ƙarfen da aka lanƙwasa aka mayar ya riga ya gaji. Kowa ya san yadda ake tsinka waya da hannu, lanƙwasa da mayarwa ne kawai. Na motocin zamani kuwa da ake yi da alminiyam ko zubin ƙarfe sau da yawa tsagewa suke yi maimakon lanƙwasa. Wannan ne ya sa kamfanonin ƙera motoci ke hana a gasa, ko a miƙe, ko a yi wa kayan sitiyari da na ƙafa walda. Ƙarfen da aka yi wa haka zai iya yin wata biyu lafiya lau, ya zaɓi ranar da mota ta cika maƙil da mutane ya tsinke.

Gyara na gaskiya yana da tsari. A fara da ƙashin mota da ƙarfen gindi, a tabbatar sun koma wurinsu. Sannan a canza duk abin da ya lanƙwashe, ko ya tsage, ko yake wasa. Idan shokazoba ɗaya ya mutu a canza su biyun, domin sabo a hagu tsoho a dama na sa mota tangaɗi idan an taka birki. A sa sababbin notuna masu kulle kansu da fin na ainihi, ba ƙusa ko waya ba. Kada a ƙarasa ɗaure notunan bushin sai an sauke mota nauyinta ya hau kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Sai a ƙarshe a yi saitin ƙafa, wanda wasu ke kira alaimen. Mutane da yawa na ɗauka saiti shi ne maganin komai, alhali saiti ba ya miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, sai dai ya ɓoye shi. Makanikin da ya ga ya murɗa tayarod ɗaya har ƙarshen zarensa kafin taya ta miƙe, ya san akwai abin da bai gano ba tukuna.

Mun san abin da masu motoci za su ce, kuma ba mu raina maganarsu ba. Za su ce kaya sun yi tsada, kasuwa ba ta tafiya, motar nan ita ce cin yau da na gobe, kwana ɗaya a gareji asara ce. Za su tuna mana cewa kayan gyaran da ake samu a wannan yanki daga nesa suke zuwa, ko daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko daga Ladipo a Legas, ko ta tashar jirgin ruwan Kwatano, kuma an rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, a 2023 ɗin kuma hanyar Benin ta toshe har kaya suka koma zagayowa ta Lome. Duk wannan gaskiya ne. Amma mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Idan tayoyin gaba suka kauce wa juna da milimita 3 kacal, to a kowace kilomita guda ana jan su a gicciye kimanin mita 5. Daga Tasawa zuwa Maraɗi kusan kilomita 120 ne, ke nan a zuwa ɗaya an kankare tayoyi a kan kwalta tsawon wajen mita 600. Wanda ya ƙi sayen lowa-am ɗaya zai sayi tayoyi biyu kafin lokacinsu, ya ƙara kuɗin mai, sannan ya dawo ya sayi lowa-am ɗin, in ma Allah Ya sa bai kai ga biyan kuɗin asibiti da diyya ba. Araha ba ta ado. Idan kuwa da gaske babu kuɗin gyara, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. A jingine motar har Allah Ya hore.

A wajen sayen kayan ma sai an buɗe ido. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya kwasa. Kayan da muke kira na Beljiyam daga jikin irin waɗannan motoci ake ciro su, wasu ma daga motocin da suka yi hatsari a can. Ƙarfe na asali da aka ciro lafiyayye ya fi sabon jabu sau goma, amma shi ma sai an ɗora shi a kan ɗan'uwansa an gwada, an yi masa kananzir da alli. Bol-joyin da tayarod kuwa, tunda ba a ganin cikinsu, gara a nemi sabo mai kyau a wurin ɗan kasuwar da aka yarda da amanarsa.

Ba mu ce ƙafar mota ce ke haddasa duk haɗurran hanya ba. Gudun wuce sa'a, lodin da ya wuce kima, tuƙin dare, lalacewar hanyoyi da dabbobin da ke yawo babu makiyayi duk suna da nasu kaso. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma hatsarin mota ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Afirka abin ya fi muni, mutum 19 cikin kowane 100,000, alhali a Turai mutum 7 ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 don rage wannan adadi da rabi. Gina hanya aikin gwamnati ne mai cin biliyoyi, amma ɗaga mota a girgiza taya aikin rabin sa'a ne da ke hannunmu. Kuma mu tuna, a ƙauyukan Baudeta motar da ke kai gero kasuwa ita ce ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibitin Tasawa cikin dare, ita ce ke kai amarya, ita ce ke kai ɗalibai.

Saboda haka kiranmu na farko ga dattawa masu shiga tsakani ne: kada a yanke kuɗin sulhu sai makaniki ya ɗaga mota ya duba ƙafa a gaban ɓangarorin biyu. Na biyu ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Tasawa, Mayayi, Maraɗi da takwarorinsu na Katsina da Daura: su ne suka san motar da ta yi karo jiya, su ne ke ba da layi, don haka suna da ikon hana ta lodi har sai an gwada ta. Na uku ga iyayen gidanmu makanikai: wanda ya ce wa mai mota "ba zan gasa maka wannan ƙarfe ba" zai iya rasa aikin ranar, amma ya tsare mutuncinsa da sana'arsa, kuma yaran da ke koyo a hannunsa abin da suka ga yana yi shi za su ɗauka.

Na huɗu ga hukumomi. Binciken lafiyar mota na lokaci-lokaci ba zai kama motar da ta yi karo mako guda bayan an ba ta takarda ba. A Faransa, tun 2009 akwai tsarin da ke bai wa ƙwararren mai duba mota damar sa a dakatar da ita daga hawa hanya idan hatsari ya taɓa ƙashinta, ko sitiyarinta, ko ƙafarta, ko kayan kare fasinja, har sai an gyara ya sake dubawa. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijar, ANISER, da takwararta ta Najeriya, FRSC, wadda aka kafa tun 1988, za su iya fito da irin wannan daidai ƙarfinmu, ko da a kan motocin haya kaɗai. Cibiyoyin koyon sana'a da ke ƙananan hukumomi su ma su riƙa shirya wa makanikan karkara bita a kan awon ƙafa. Sai kuma dillalan motoci da ke cika ramin karo da bodifila su sayar wa bayin Allah a matsayin motar da ba ta taɓa faɗuwa ba. Wannan algus ne, kuma duk abin da ya biyo baya da hannunsu a ciki.

Mu fasinjoji ma ba mu kuɓuta ba. Mun ga sitiyarin nan a karkace tun daga Tasawa, mun ji bayanin karen mota, amma kunya da gaggawa suka hana mu sauka. Tsohuwar da ta yi targaɗe ba ta san lowa-am ba, ba ta san tayarod ba, ta dai biya kuɗinta ta ba da amanar ranta. Mu da muka lura muka yi shiru, muna da namu alhakin. Mun yarda da ƙaddara, amma malamanmu sun sha gaya mana cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaukar mataki, kuma ƙusar da aka soka a wurin fin ba daga sama ta faɗo ba, hannun wani ne ya lanƙwasa ta.

Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya ba masu motoci halin gyara na gaskiya, Ya sa wa sana'ar makanikanmu albarka, amin.